Awon da Na Yi wa Malam Haliru a Tashar Kebbe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina durƙushe a bayan wata mota a filin motocin Kwatano, kaina cikin but, ina ɗaura wa wani dillali babbar sifika, sai wayata ta yi ƙara. Lambar gida ce. Nasiru ne, babban ɗan Malam Haliru Mai Rediyo na Tambuwal. Bai ja gaisuwa ba.

"Baffa Attahiru, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazu da hantsi. Yanzu munka dawo daga kai shi."

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya da kalmomin da aka saba. Sai ya ƙara da abin da ya sa na zauna a ƙasa, cikin baƙin mai da ƙura, ban ko duba ba. Ya ce, "Cikin jinyag ga ya yi ta ambatonka. Kullum sai ya ce, in kun yi waya ku gaishe min da Injiniya."

Dillalin yana tsaye a kaina yana kaɗa makulli. Na ce masa ya dawo gobe. Ya yi ta faɗa da Faransanci.

Na san za a samu masu yabon Malam Haliru, kuma duk abin da suka faɗa ya cancanta. Ni wani abu ne daban ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin Tambuwal da Kebbe, cewa wai a zamanin da aka fara sa manyan sifikoki a motocin haya, Malam Haliru ya lalata kayan sautin motocin Alhaji Mode saboda hassada. Tsofaffin direbobi suna faɗarta cikin raha, matasa sun gāje ta ba su san tushenta ba, kuma Nasiru ya taɓa gaya mini an jefi ɗiyarsa da ita a makaranta. Maganar ƙarya ce. Ni kaɗai na rage a raye da na san haka tabbas, domin daga bakina ta samo asali. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in fara da mutumin kafin in zo ga laifina.

Malam Haliru ɗan gidan malamai ne na Sanyinna. Mahaifinsa da yayyensa duk zaure suke zama suna ba da karatu, shi ma ya sauke, ya ɗan taɓa littattafai. Amma tun yana saurayi ya bi motar majigi, masu yawo ƙauyuka suna nuna silima, a nan ya koyi waya da dalma da lasifika. Danginsa ba su ji daɗi ba, shi kuma bai taɓa yi musu musu ba. Da ya gaji da yawo sai ya buɗe shago kusa da tashar Tambuwal. Abin da ya tafo da shi daga gidan ubansa shi ne tsoron awo. Ya sha gaya mini cewa abin da aka yi wa masu tauye mudu gargaɗi a kansa bai tsaya ga gero da dawa ba.

Na same shi ne a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, bayan an ba mu jiharmu ta Sakkwato. Ina da takardar makarantar koyon sana'a, an ɗauke ni aiki a ma'aikatar ayyuka, aka turo ni Tambuwal. Aikin ofis bai fi na sa'a biyu ba a yini, sauran yinin nakan ƙare shi a bencin shagonsa. A lokacin kowane mai 'yan kuɗi ya sayi bas ya sa a hanyar Sakkwato, kuma fasinja ya fara zaɓen mota da kunne. Wadda kaset ɗinta ya fi daɗi ita ke fara cika. Ƙananan sifikokin da ke zuwa da mota ba sa fitar da muryar babbar ganga, sai ƙara kamar ana kaɗa gwangwani. Malam ne ya fara haɗa akwatin katako, ya sa babbar sifika a ciki, ya tura ƙarƙashin kujerar baya, ya haɗa ta da ɗan amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Yau ana ce mata wufa. Direbobin lokacin suna ce mata mai gurnani.

Da aka fara gardamar ta wa ta fi ta wa, gun Malam ake zuwa. Shi kuwa ba ya yanke hukunci da kunne. Yakan ce, "Kunne abokin mai kaya na. Abin da kaka so shi zai jiya maka." Yana da wata na'ura mai allura da ya samo tun zamanin majigi, wadda ke nuna ƙarfin sauti, muna ce mata agogo. Yana da kaset guda da babu waƙa a cikinsa sai ƙugi iri ɗaya mai kauri. Yana kuma da igiya mai ƙulli biyu, tsakaninsu mita ɗaya daidai. In za a yi awo sai a ɗauki sifikar da akwatinta a fita fili bayan tasha, nesa da kowane gini, a kifa turmi a ɗora ta. Ƙulli ɗaya a bakin sifika, ɗaya a bakin agogo. Sai a ba ta wuta wat ɗaya, ba ƙari ba ragi, a karanta inda allura ta tsaya. A sauke ta a ɗora ta biyu, turmi ɗaya, igiya ɗaya, kaset ɗaya, wat ɗaya. Wadda allurarta ta fi hawa ita ce ta fi iya mayar da wuta sauti. Iyakar abin ke nan, kuma daga baya na gane haka masu ƙera su ma suke yi a ɗakunan gwajinsu, ba turmi dai.

Abin da ya fi nanatawa shi ne wat ɗayan nan. "Kada ka tambaye ni wadda taf fi ƙara," in ji shi. "Tambaye ni mi kowace tac ci kafin ta yi ƙarar."

Na ga ya mayar da direba da sifikarsa ya ce ba ta buƙatar canji, waya ce ta saki, ya ɗaure masa ya sallame shi. Na ga ya auna sifikar da shi ya naɗa wa waya da hannunsa tare da ta wani mai gyara na Jega, ta Jega ta fi, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, har ya aika a tambayo masa irin wayar da mutumin ya yi amfani da ita. In lokacin salla ya yi yakan zare batir ko da allura na tsakiyar hawa. Kuma bai yarda a gwada kaset ɗin waƙa a ƙofar shagonsa in ana karatu a zauren da ke maƙwabtaka da shi.

Amma ba zan mayar da shi waliyyi ba don ya mutu, shi ma ba zai so ba. Malam yana da kaifin baki, kuma ba ya duba wanda ke wurin kafin ya gyara maka kuskure. Wata rana ya fita, wani direba mai suna Ɗan'ige ya kawo sifika a auna masa. Ina son in nuna ni ma na iya, ga rana ta yi zafi, sai na ajiye ta a kusurwar shago na auna a nan. Allura ta hau sosai. Na faɗi lamba, Ɗan'ige ya fara rawa. Sai ga Malam. Ya sungumi akwatin ya fita da shi fili, muka bi shi. Allura ta faɗo ƙasa warwas, domin bango yana maido da sauti ya ƙara wa mai kauri ƙarfi, abin da na karanta a makaranta na manta. Ya dubi direbobin da suka taru ya ce, "Ku yi mai haƙuri. Injiniya bango yac auna, ba sifika ba."

Aka fashe da dariya. Daga ranar sunana a tasha ya zama Injiniyan Bango. In na wuce sai Ɗan'ige ya daki jikin shago ya ce, "Injiniya, wanga nawa shika bugawa?" Ina dariya tare da su. A cikina kuwa abin ya zauna ya yi tsatsa. Ina da takarda, shi ba shi da ita, kuma ya mayar da ni abin wasan 'yan tasha. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don a san girman abin da na sayar da shi a kai: kalma ɗaya ce ta raha.

Alhaji Mode mutumin Kebbe ne, yana da bas huɗu, duk Malam ne ya yi musu waya ya sa musu mai gurnani. Sai wani ɗan kasuwa da ke sayo kaya Legas ya kawo masa sababbin sifikoki cikin kwali mai sheƙi, da lambar ƙarfin sauti rubuce a jiki, ya ce sun fi na Malam nesa. Alhaji ya kawo guda Tambuwal. Malam ya juya ta, ya ɗora mata wayoyin awo, ya ce, "Alhaji, sifika ta ƙwarai ta. Amma ba ta fi tawa ji ba, ci taf fi ta. Om fuɗu ta, tawa takwas. 'Yan amfilifayan da ad cikin motocinka ba su iya ciyad da ita. Za su ƙone."

Ga abin da yake nufi, yadda shi ya koya mini. Ka ɗauki tanki ɗaya da bututu biyu a jikinsa, ɗaya siriri ɗaya mai faɗi. Tsayin ruwan ɗaya ne, amma mai faɗin zai ja ninki biyu. Tsayin ruwan shi ne bolt. Ƙuncin bututun shi ne om. Ruwan da ya fita shi ne wat. Sifika mai om takwas, in ka ba ta bolt uku saura kaɗan, wat ɗaya ta ci. Mai om huɗu, in ka ba ta wannan bolt ɗin, wat biyu ta ci, kuma ninka wuta yana ɗaga allura layi uku. Wanda zai yi adalci sai ya rage wa mai om huɗu zuwa bolt biyu, sannan an daidaita. Masu ƙera irin na cikin kwalin nan da yawa ba sa ragewa, su rubuta lambar da ta fito. Ɗan kasuwan nan bai san wannan ba, abin da ya gani a rubuce ya faɗa, ban taɓa riƙe shi da laifi ba.

Alhaji ya ga kamar Malam yana kare kasuwarsa ne. Ya ce a yi awo a gaban jama'a ranar kasuwar Kebbe, kuma tunda Malam yana cikin gardamar ba shi zai riƙe agogo ba. "Ga Injiniya nan mai takarda, kuma mutuminka na. Ka yarda da shi?"

Malam ya ce, "Na yarda da shi awa na yarda da hannuna."

Mun tafi a bayan a-kori-kura, hanyar Kebbe tana jefa mu sama tana cafewa, Malam rungume da agogon a cinyarsa cikin tsumma kada allura ta gurɗe. A hanya ya miƙo mini goro ya ce, "Kada ka ji nauyina. Abin da allura tac ce shi za ka faɗi." Har zuwa lokacin ban yanke komai ba. Haka nake gaya wa kaina, ko da yake na daina amincewa da kaina a kan wannan.

An taru bayan tasha wajen hantsi: direbobi, masu lodi, Fulanin da suka kawo awaki suka tsaya kallo, da Alhaji a kan kujera. Aka aro turmi daga wani gida. Na ɗora ta Malam, akwatinta baƙi mai nauyi, duk tabon gam. Ɗan'ige ya ce, "Wagga kam makara ta ko sifika?" Aka yi dariya, Malam ma ya yi. Na ja igiya, na sa kaset, na murɗa har wutar ta kai bolt uku saura kaɗan. Ƙugi ya tashi, awaki suka firgita. Na faɗi inda allura ta tsaya, aka ja layi a ƙasa.

Na sauke ta na ɗora sabuwa. A nan ne ya kamata in rage wutar zuwa bolt biyu. Hannuna yana kan maɓallin. Sai na ji wani a bayana ya ce, "A dai duba ko akwai bango kusa." Aka sake dariya. Na ɗauke hannuna ban rage ba. Na ɗaga na'urar bolt na nuna wa Alhaji da na kusa da shi cewa ga ta nan inda take ɗazu, ban taɓa ba. Kowa ya gani, kowa ya gamsu, domin ba wanda ya san bambancin sai mu biyu. Allura ta wuce ta Malam da layi biyu.

Tasha ta ɗauki sowa. Ɗan kasuwan ya ɗaga kwalinsa sama. Malam ya matso, ba ya sauri, ya tambaye ni a hankali amma kowa ya ji, domin an yi tsit.

"Injiniya, wat guda kab ba kowace?"

Na ce, "Wat guda, Malam."

Bai dubi na'urar ba, ko da yake tana hannuna, kallo ɗaya ya ishe shi. Sai ya sunkuya ya ɗora bayan hannunsa a kan amfilifayan da muka yi gwajin da shi. Ya bar shi a nan kamar mai duba zazzaɓin jinjiri. Ya ɗauke. Ya dube ni. Na san ƙarfen ya yi zafin da wat ɗaya ba ya sa shi, ya kuma san na sani. Sannan ya juya ga Alhaji ya ce, "To, Alhaji. Mai awo ya faɗi. Ni nic ce na yarda da shi. Ka sa naka."

Da ya ce a sake, da an sake, da ni ne na bar Kebbe da kunya a ranar, wataƙila da aikina ma, don maganar za ta kai ofis. Kalma ɗaya ta ishe shi. Bai faɗe ta ba. Muka koma Tambuwal a mota ɗaya, yana hira da direba a kan damina, agogon yana cinyarsa.

Washegari da rana, sa'ad da ya tafi jana'izar wani a Sanyinna, na ɗauki tasa da sabuwar da Alhaji ya bari a shagon na fita fili ni kaɗai na auna su yadda ya koya mini, kowace wat ɗaya. Ta Malam ta fi da layi ɗaya. Na naɗe igiya na mayar inda take. Wannan sakamakon ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Alhaji ya sa aka cire na Malam, aka ɗaura sababbi bibbiyu a kowace bas, a kan wayar da Malam ya shimfiɗa tun farko. Kafin a yi girbi amfilifayan farko ya ƙone tsakanin Kebbe da Tambuwal, hayaƙi ya cika mota, fasinjoji suka yi ta tsalle ta taga, wata tsohuwa ta gurɗe a ƙafa. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Mutane suka nemi dalili. Sifikokin an gwada su a gaban kowa sun ci, Injiniya mai takarda ya shaida. To saura me? Saura wanda ya yi wayar, wanda aka kunyata, wanda kuma ya faɗa da bakinsa cewa za su ƙone. Wasu suka ce wata waya ya ɓoye, wasu suka ce ai ɗan gidan malamai ne, ba sai ya taɓa da hannu ba. An zo an tambaye ni. Na ce ni dai abin da na auna na faɗa. Ban ce shi ne ba. Ban ce ba shi ne ba. Na san yadda za a fassara shiruna.

Abin da Malam ya yi shi ne abin da ya ƙarasa shi. Ya ji labarin tsohuwar, bai iya zama ba. Ya hau mota ya tafi Kebbe ba wanda ya kira shi, ya roƙi Alhaji ya bar shi ya duba bas ta huɗun kafin ita ma ta kama. Ya sauya yadda aka haɗa sifikokin biyu, ya jera su ɗaya bayan ɗaya yadda wuta sai ta ratsa ta farko kafin ta kai ta biyu, huɗu da huɗu suka zama takwas. Ƙarar ta ragu, amfilifaya ya huce, bai sake ƙonewa ba. Sai mutane suka ce, kun gani, wanda ya san inda ya ɓata shi ya san inda zai gyara. Ɗan'ige da kansa, wanda ke shan shayi a shagon Malam kullum, ya koma kai aikinsa Jega. Bencin ya yi ta raguwa. Malam ya koma gyaran rediyon tsofaffi da tocila, ya rataye igiyar a ƙusa. Ba a sake kawo masa gardamar sifika ba.

Ni kuwa na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni. Da kuɗin mai suka ja baya aka rage ma'aikata, ina ciki. Na yi Legas, na ƙare a Kwatano, inda nake ɗaura wufa a motocin da ake ƙetarawa da su gida. Sana'ar da ya koya mini ita ta ciyar da ni da iyalina duk shekarun nan. Kullum ina buɗe kwalaye masu lambobi manya-manya, wasu an auna a bolt, wasu a wat, wasu a rabin mita, wasu ba a auna ba sam, kuma ba mai tambaya. Nakan yi wa masu saye bayani, su dube ni kamar tsohon da ya fara ruɗewa. Na daɗe ina jin haushin wannan kasuwa da ƙaryarta. Amma ba ni da bakin zaginta sosai. Su baƙo suke yi wa, ni wanda ya ba ni goro a hanya na yi wa.

Sau ɗaya na yi niyyar gyarawa. Shekarun baya na je gida, na same shi a ƙofar gidansa kan tabarma, ya tsufa, ƙugin shekaru ya cinye masa kunne. Akwai mutum uku ko huɗu zaune tare da shi. Ya gane ni tun daga nesa, ya yi murna ta gaske, ya sa aka kawo mini fura. Na matsa kusa da shi na ce, ƙasa-ƙasa, "Malam, ranar Kebbe ban rage wutar ba. Ka yafe mini."

Ya kara hannu a kunne. "Ɗaga murya, Injiniya! Kunnen ya tafi."

Na dubi mutanen da ke zaune. Na ɗaga murya na ce, "Na ce ya ƙarfin jiki?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya daɗe yana dubana, irin duban da ya yi mini bayan ya ɗauke hannu daga kan ƙarfen. Sannan ya tura mini ƙwaryar ya ce in sha kada ta tsinke.

Na dawo Kwatano ina gaya wa kaina ai na faɗa, shi ne bai ji ba. Na san abin da na yi. Na zaɓi muryar da na tabbata ba za ta kai ba, kamar yadda na zaɓi wutar da na tabbata za ta ɗaga allura. Wanda ya yi rayuwarsa yana auna sauti ya san iyakar inda kowace murya ke tsayawa.

Ya ce in ɗaga murya, ban ɗaga ba yana raye. To ga ta. Ni Attahiru, wanda ake ce wa Injiniyan Bango, na yi ƙarya a tashar Kebbe. Na ba sabuwar sifika wat biyu na ba ta Malam Haliru wat ɗaya, aka tambaye ni na ce daidai na ba su. A awon gaskiya tasa ce ta fi. Abin da ya gaya wa Alhaji Mode gaskiya ne tun daga farko har ƙarshe. Bai ɓoye waya ba, bai yi wa motar kowa komai ba, abin da ya ƙona su shi ne abin da ya yi gargaɗi a kai, ni na sa aka ƙi ji. Gurɗewar tsohuwar nan ma tana wuyana. Ya san duk wannan, ya rufe ni, ya ɗauki sunan da ya kamata ni in ɗauka, ya riƙe shi har kabari yana aiko mini da gaisuwa.

Nasiru, ɗana, ina roƙonka abu guda. Kada ka bar wannan a takarda, yawancin waɗanda suka ji waccan maganar ba a takarda suka ji ta ba. Ka sa a karanta shi a tashar Tambuwal, a kuma karanta shi a tashar Kebbe ranar kasuwa, da lasifika, da sunana a ciki. In Ɗan'ige yana raye a zaunar da shi gaba. Ka gaya wa ɗiyarka kakanta bai taɓa tauye awo ba, ko na hatsi ko na sauti. Ban ce ku yafe mini ba. Wanda ke da hakkin ya tafi, ku kuma abin da kuka ga dama shi ne daidai, ba zan ga laifinku ba.

Ya Allah, ga bawanka Haliru ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa kaifin bakinsa da duk abin da Ka sani mu ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Yadda ya rufa asirin wanda ya cuce shi, Ka rufa nasa ranar da asirai ke tonuwa. Ranar da za a kafa ma'aunin da ba mai iya murɗa shi, Ka nauyaya nasa, Ka sa abin da na tauye masa ya same shi a can cikakke. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka albarkaci Nasiru da 'yan'uwansa da jikokinsa, Ka mayar musu da sunan ubansu da tsarkinsa. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai hakki yana ji, Ka sa mu cika da imani. Amin.